Usta Shaukat Ne Ya Buga Gangar

Shaukat Bayumi, wanda muke kira Usta, wato gwanin sana'a, shi ne ya buga gangar waƙar nan da ta cika Alƙahira bana. Ba dogon saurayin nan mai gashi har kafaɗa da kuke gani a bidiyo ba.

Kullum da safe yakan ci wake da gurasa a bakin titin Shubra, ya jiƙa yatsunsa a ruwan ɗumi saboda sanyin ƙashi, ya hau bas zuwa ɗakin ɗaukar waƙa. Tun gashinsa na baƙi yake haka. Da samarin nan masu jita suka kawo waƙarsu, ihu ne kawai. Mai haɗa sauti shaida ne: Shaukat ne ya ɗauko kiɗan rakiyar amarya na unguwarmu, ya ɗora jitarsu a kai, waƙa ta miƙe.

Ta karɓu. Direbobi sun saka, masu shayi sun saka, kamfanin lemo ya saya don talla. Masu sharhi a jarida suka yi ta yabon "sabon jini". Wani har ya rubuta wai hannun saurayin ya nuna zamanin tsofaffi ya wuce. Saurayin da aka ɗauko don kyan fuska, ko sandar kiɗa bai iya riƙewa ba. Ba wanda ya tambaya. Abin kunya ne.

Shaukat, kai ne ka yi aikin. Makaɗin da ba ya gaggawa, mun gode. Masu tasowa su je su zauna gabanka tun kana da rai, su kuma koyi abin da ka yi a makon jiya.

Manajan samarin ne ya sami Shaukat a gidan shayi, a gabanmu.

"Usta, babanmu, akwai babban wasa a Iskandariya. Jama'a na son jin kiɗan ido da ido."

"To kyakkyawanku ya buga mana."

"Haba Usta, kai ma ka san shi. Za mu jera maka ganguna a bayan labule, shi ya riƙa ɗaga hannu a gaba. Har fanka za mu kunna maka."

"Za a faɗi sunana?"

"Suna ba shi ake rawa da shi ba, Usta. In ka ƙi kuwa, kamfanin waƙa ba zai sake kiranka ba, kuma wa ke ɗaukar tsoho yanzu?"

Shaukat ya san gaskiya mutumin ya faɗa. Ya shanye shayinsa, ya ajiye kofi.

"Ba zan buga a bayan labule ba."