Iyakar da Na Ɗauka Ciniki Ce

A ƙarshen shekarun casa'in ina da shago biyu a Abossey Okai, kasuwar 'yan gyaran mota ta Accra, da kayan gyaran mota sama da iri dubu, da amini ɗaya a unguwar Nima da muka shekara ashirin muna sallah a sahu ɗaya. Ya taɓa aikin kwamfuta a banki, shi ya kafa mini na'urar da ke riƙe da jerin kayana.

Ni mutumin durowa ne, kowane kaya da durowarsa, don haka na dage sai ya ware wa kowane iri fayil ɗinsa. Ya gaya mini cewa tsarin da ke tafiyar da na'urar yana da iyakar fayilolin da yake bari a buɗe lokaci guda, kamar hannu ne, in ya cika ba ya ɗaukar ƙari. Ya nemi in rufe shago yini guda ya ɗaga iyakar ya gwada. A kasuwarmu kuwa, in makaniki ya ce abu ba zai yiwu ba, ƙarin farashi yake nema. Na yi dariya, na ce masa ba jiya na zo Accra ba.

Ranar da kwantenata ta iso daga tashar jirgin ruwa ta Tema muka hau shigar da sababbin kaya, sai na'urar ta cije, ta rubuta cewa fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Na yi mata abin da ake yi wa mota, na zare waya na mayar, har sau uku. Jerin ya lalace. Da aminin nawa ya iso, a gaban direbobin motocin haya na trotro na ce tarko ya ɗana mini don in riƙa kiransa. Ya zauna kwana biyu ya ceto abin da zai cetu, ya ɗaga iyakar da layin rubutu ɗaya, ko ƙusa ba a saya ba. Na miƙa masa goro ya ce ya ƙoshi.

Ina jan kunnen 'yan'uwana 'yan kasuwa: ba kowace iyaka ce ake tayawa ba. Jerin kaya ya dawo cikin mako uku, shago ya zama uku. Shi kuwa har yau muna gaisawa a masallaci, amma ya sake sahu.