Kwalbar Buakham Mai Ƙirga Buɗewa

Har yau in na tuna yadda aka so cire Yaya Buakham daga binciken sabon maganin nan sai raina ya ɓaci. Matar da ta shekara ashirin tana shan maganin ƙanjamau, ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya biyu da cinikin shinkafa mai danƙo a kasuwar garinmu Phayao, wai ita ce ba ta shan magani!

Mu 'yan ƙungiyar masu ɗauke da cutar muke kai mutanen unguwa ƙaramin asibitinmu, inda ake gwada sabuwar ƙwaya, guda ɗaya a rana. Tsohuwar ƙwayar tana sa Buakham jiri a gaban tukunya, sabuwar kuwa ta karɓe ta. Amma kwalbar maganin tana da murfi mai ƙirga sau nawa aka buɗe. Nata ya nuna sau huɗu a wata.

Likita Thanawat, sabon zuwa daga Bangkok, ya ce in haka ne za a mayar da ita kan tsohuwar. Ya tambaye ta ko mantawa take yi. Ta haɗa tafin hannu ta ce, "To, likita." Mutanenmu ke nan, ko cewa likita ya yi kai kaza ne sai ka ce to.

Na ce, "Yaya, wane irin to? Bakinki da ke cika kasuwa ina kika baro shi?"

Ta ce, "Ke Saithong, yaron ya yi karatu, in ƙaryata shi a gaban mutane?"

Sai ta zaro gwangwanin man zafi daga ɗamara. Ashe duk Litinin take juye ƙwaya bakwai a ciki, don kada masu sayen shinkafa su ga kwalbar asibiti. Kullum ƙarfe takwas, lasifikar kasuwa na gama taken ƙasa, kowa yana tsaye cik don girmamawa, kafin mutane su motsa ta haɗiye ɗaya. Aka duba jininta, ƙwayar cutar ko alama. Likitan ya ji kunya, ya kira ta Goggo, ya ce ta yafe masa, amma dole murfin ya riƙa ƙirgawa kullum.

Yanzu kwalbar tana cikin ɗan kwandon gora irin wanda take sayar da shinkafa a ciki, gefen tukunya. Mata tara sun kwaikwaye ta. Duk mai sayen da ya miƙa hannu ga kwandon sai Buakham ta buge shi ta ce wannan kwandon na likita ne, an riga an saya.