Shuɗin Kifin Ittoop

Shekara arba'in da ɗaya Ittoop ya yi yana goge tagogin cocin ƙauyensu, amma in ka tambaye shi hoton me ke jikin babbar tagar gabas, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Daga kan tsani ya san ta, hancinsa dab da gilashi: nan ja ne, nan akwai tsaga, nan tsaka ke kwana. Mutane na cewa Maryamu ce riƙe da Ɗanta, shi kuma bai taɓa musu ba.

Abu ɗaya ya sani sarai. A gefen mayafin Maryamu akwai wani ɓallin gilashi shuɗi, kamar tafin hannu, da ɗan kumfa a tsakiyarsa. Ran Lahadi da rana ta ɗaga, haskensa kan sauka a ɓangaren mata, a kan farin gyalen matarsa Kunjeli, shi kuwa yana ɓangaren maza yana satar kallo har a tashi. Shekara uku ke nan da rasuwar Kunjeli, amma har yanzu wannan ɓallin yake fara gogewa.

Sai iskar damina ta karyo reshen mangwaro, ta yi raga-raga da tagar, ta haɗa da rufin. Dattawan coci suka kwashe ɓaraguzan suka ba wata mai zane da aikin gilashi daga birnin Kochi ta mai da su kayan ado, a yi gwanjonsu ran idin cocin, a gyara rufi da kuɗin.

Ranar da kayan suka iso, kan Ittoop ya ɗaure tamau. Fitilu ne, da tsuntsaye, da kifaye. Ya tare limamin cocin, wanda suke kira Achan, a bakin ƙofa.

"Achan, wannan tsuntsun daga jikin wa aka yanko shi?"

"Gilashi ne kawai, Ittoop Chetta," in ji shi, wato Yaya Ittoop da yarensu.

"Jiya-jiya fa muke durƙusawa a gabansa."

"Ai ba gilashin muke durƙusa wa ba."

"To ni da nake wanke hannu kafin in taɓa shi, wa nake wanke wa?"

Achan ya duba agogo, ya ce ana jiransa.

Kifayen uku ne, biyu na da shuɗin ciki, kuma kowanne da kumfansa. Ittoop, yana neman ɓallin nasa, ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya juya su, ya ƙanƙance ido, har mai zanen ta ce, "Appacha," wato baba tsoho, "za ka fasa mini kaya." A ƙarshe ya tsai da ransa a kan na hagu, ba don ya tabbata ba.

Gwanjon cocinsu yana da al'ada. Mutumin kirki in ya saya, yakan biya, sannan ya ce, "Na mayar wa coci," a sake tayawa daga farko. An taɓa sayar da zakara ɗaya sau bakwai, har ya yi barci a hannun Ittoop, don shi ke riƙe zakaru. Gwanjo arba'in ya halarta, bai taɓa taya ko nonon ayaba ba.

Pappachan mai gwanjo ya ɗaga kifin. Kafin Ittoop ya haɗa lissafi, wani attajirin roba ya saye shi. Idon Ittoop ya kawo ruwa. Sai attajirin ya ce ya mayar wa coci, aka tafa. Ittoop ya saki ajiyar zuciya. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo hutu daga Kuwait ta saye, ita ma ta mayar. Ya rasa gane ko murna zai yi ko kuka, kifi na tafiya yana dawowa kamar guga.

Karo na uku ya ɗaga hannu.

"Iye! Yau mai riƙon zakara ke tayi!" in ji Pappachan. "Chetta, wannan fa ba ya soyuwa. Nawa ka ce?"

"Ɗari shida."

Rupi ɗari shidan nan ko rabin tayin baya ba su kai ba, amma kowa ya yi shiru aka bar wa tsoho. Pappachan ya ƙirga uku, ya buga tebur, bakinsa ya ci gaba da abin da ya saba: "Ittoop Chetta ya saya, ya kuma mayar wa..."

"Ban mayar ba."

Tafin da aka fara ya mutu a hanya. Wani ya yi tari. Achan ya hau kallon rufi. Kunya ta lulluɓe Ittoop, amma ya taka ya je ya karɓi kifinsa, ya naɗe shi a tawul ɗin kafaɗarsa, ya fita ana binsa da ido.

A bakin matakala ya ci karo da Orotha, tsohuwar da suke kira Chedathi, wato babbar yaya, wadda ta yi shekara talatin tana tsayawa kusa da Kunjeli a coci. Ta tsare shi da sandarta.

"Kai kuma me ya shiga kanka? Ka tsufa ka zo ka yi abin faɗa a gaban jama'a saboda kifi?"

Ya buɗe tawul ɗin, ya yi mata bayanin hasken da gyalen, yana in-ina.

Orotha ta dube shi. "Wayyo, Ittoop. Hasken nan a kaina yake sauka. Shekara talatin yana kashe mini ido, ina roƙon Kunjeli mu yi musayar wuri tana ƙi. Ita ko ɗigo bai taɓa taɓa ta ba."

Ya dubi kifin, ya dubi Orotha, ya waiwaya ya dubi ramin tagar da aka toshe da leda.

"A kanki?"

"A kaina mana."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Chedathi, ni fa ban taɓa ganin kina wurin ba."