Akuyar Maƙwabta da Takardar Kaka

Duk lokacin da damina ta yi nisa, littattafai suka fara warin danshi, sai kakana ya faɗo mini a rai, kuma har yau sai na ji haushinsa ya ɗan taso.

Tsohon ma'aikacin reluwe ne a Minna, ya yi shekara da shekaru yana duba tikiti a jirgi. Da ya yi ritaya ya ajiye hular aiki, amma bai ajiye Turanci ba, mu jikoki muka zama fasinjojinsa. A gidanmu sallama kaɗai ba ta shigar da yaro ɗakin Kaka. Sai ka tsaya a bakin ƙofa ka ce "May I come in?", ka jira ya gyara murya ya ce "You may." Idan ya ce "You should", shawara ce, kana iya zillewa. Idan kuwa ya ɗaga yatsa ya ce "You must not", to ka yi hattara da kunnenka. Kakannin ƙawayena suna tsokanarsu da "amaryata", suna ba su ƙuli-ƙuli. Ni nawa gyaran baki yake ba ni safe da yamma.

Wata rana a watan Agusta, ina aji huɗu, rana ta leƙo bayan kwana uku ana tafka ruwa. Kaka ya shanya takardunsa a kan tabarma a bayan ɗakinsa, ya danne su da duwatsu. Cikinsu har da takardar yabon da aka ba shi ranar barin aiki, wadda yake nuna wa kowane baƙo, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Ya tara mu, ya nuna wurin, ya ɗaga yatsan nan: kada wanda ya taka wurin.

Ina wanke-wanke na hango akuyar maƙwabciyarmu, wata Banufiya mai sayar da shinkafa, ta shigo ta inda ruwa ya rushe katanga. Na yi mata tsawa daga nesa, ko kallona ba ta yi ba. Kunnena bai warke daga murɗar makon jiya ba, don haka ban taka wurin ba. Na ruga na faɗa ɗakinsa.

"Kaka, akuya ce..."

"Koma waje. Haka aka koya miki?"

Na koma, na nemi izini. Sai da ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, sannan ya ba ni.

"Kaka, akuya tana..."

"Da Turanci."

Cikin takaici na ce, "You must come."

"Ni kike ce wa must? Ni sa'anki ne?"

Na kama hannun rigarsa na ja shi. Muka tarar akuya tana tauna takardar yabon tana kallonmu. Sunansa ya tafi, hatimin ma ya tafi.

"Me ya hana ki kore ta?"

"Kai ka ce kada a taka."

Ya durƙusa ya tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya. Ranar ko tuwo bai ci ba, na ji tausayinsa sosai, ko da yake haushin bai tafi ba.

Washegari na kai masa koko, na tsaya a bakin ƙofa, na buɗe baki zan fara. Ya riga ni, da Hausa: "Shigo kawai, amarya."

Yanzu 'ya'yana suna faɗo mini ɗaki ba sallama, ido a kan waya, ina ta faɗa kamar shi. Amma wanda ya shigo a guje, sai na fara jin abin da ya kawo shi. Rabin takardar nan tana cikin akwatina, da shatin haƙoran akuya a gefenta.