Injiniya da Kunkurun Turkiyya

Jiya da safe na je unguwar Al Thumama, nan ƙasar Larabawa da muke aiki, ɗaukar Injiniya Sani zuwa filin jirgi. Tare muka taso a ƙauye; yau shi injiniya ne, ni direba, amma tsokana ba ta san wannan ba.

Sai ga shi ya fito da takalmin daji da safar hannu. Wai hutunsa zai tafi Turkiyya, wani daji da gobara ta cinye. Mako guda zai yi yana dashen itatuwa, yana ba kunkuru ruwa.

Na ce, "Kai Sani? Kai da ka banka wa dajin bayan garinmu wuta saboda gafiya ɗaya?"

Ya ce, "Ni na ƙyasta. Amma wa ya sato ashanar daga ɗakin Inna?"

Na maida hankali kan titi.

Can ya ce, "Ka tuna gafiyar ma tserewa ta yi? Kunkuru muka tarar cikin toka. Shi bai iya gudu ba."

Wallahi na tuna. Har ƙaurin na ji cikin motar.

Da zai sauka na ce to, dajin garinmu fa, shi ba shi da gata? Ya ce baɗi can za mu, shi da dashe, ni da jarkar ruwa, khalas, magana ta ƙare.

Na amsa, domin ba ni da bakin musu.

Ku 'yan farautar gafiya na da, na san kuna nan kuna karantawa. Wa zai riƙe mana jarka ta biyu?