Ƙafar Mai Alli Ba Ta San Ritaya Ba

Duk layin teloli babu wanda bai san Mai Alli ba. Sunan ya samo asali ne daga guntun allin da ba ya rabuwa da bayan kunnensa, wanda matarsa ta ce ko wanka zai shiga sai ta tuna masa ya cire. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai ji da kansa, kuma a gaskiya yana da abin ji ɗin. Kallo ɗaya zai yi maka ya san faɗin ƙirjinka. Tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa don kwantar wa mai kaya da hankali ne kawai. Tun yana saurayi yake kan keken ɗinki na ƙafa, ya ƙi na lantarki ƙememe, wai shi ba zai naɗe hannu yana jiran wuta ba alhali Allah ya ba shi ƙafa. Da wannan keken ya riƙe gida, da shi ya sa 'ya'yansa makaranta har suka zama mutane.

Sai ido ya ci amanarsa. Da zare ya fara ƙin shiga allura, laifin masu yin allurar zamani ya gani. Amma ranar da ya bi baƙin yadi da shuɗin zare tun daga wuya har ƙasa, mai rigar ya dawo da ita cikin ladabi, babu sauran wanda zai ɗora wa. Likitan ido ya ce manyan abubuwa zai ci gaba da ganinsu, amma ɗinki sai dai haƙuri. Babban ɗansa ya karɓi shago, ya shigo da kekunan lantarki, ya tura tsohon keken lungu ya lulluɓe shi da ƙyalle, sannan ya ajiye wa Baba kujera mai laushi a bakin ƙofa.

Kujerar nan ta fi ciwon idon ci masa rai. Mutum zai zo ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwana, ya ƙarfin jiki?" kafin ya gama amsawa an wuce ciki wurin ɗansa da yadi a hammata. Abin da Mai Alli ya fi tsoro a duniya ke nan: a ce ya gama, ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce.

Wata rana ya raka ɗan nasa rataya labulaye a wani ɗakin taro, ba don ana buƙatarsa ba, don dai ya miƙe ƙafa. A lungun baya ya ci karo da wani tsohon fiyano, fentinsa ya koɗe, an jibga masa karyayyun kujeru a kai. Manajan wurin ya ce sun sayi sabo, wannan jiran masu kwasar tarkace yake. Mai Alli ya ɗaga murfin ya danna maɓalli ɗaya, abin ya amsa da murya mai zurfi. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa, sai ya ɗago da sauri.

"Yallaɓai, ashe har feda gare shi?"

"Yana da su, Baba."

"To abin da ke da feda ai ɗan gida ne. Ba za a yar da shi ina kallo ba."

Manaja ya yi dariya ya ce in yana so ya ɗauka, ya ma rage musu kaya.

Da aka kawo fiyanon gida, sai da aka cire ƙyauren falo kafin ya shiga, kuma kabad ɗin kwanukan matarsa ne ya yi masa ƙaura. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon ƙartin da ke nishi.

"Maigida, wannan akwatin kuma me za a zuba a ciki?"

"Ba zubawa ake yi ba, fitarwa ake yi. Kiɗa ne."

"Kai da ko tafi ba ka iya yi daidai da mutane ba?"

"Shi ma ɗinkin ai ba da shi aka haife ni ba."

'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta ga cewa da gaske yake. Ta samo masa kwas ɗin koyon fiyano irin wanda mutum ke koya wa kansa: littafi mai kauri, da darussan murya da ta zuba masa a waya. Babu malamin da zai zo gida, babu wanda zai ga abin da kake yi. Muryar wata mata ce kawai, mai haƙuri, za ta yi bayani, ta kaɗa, ta ce kai ma ka kaɗa. Ɗansa ya kai shafukan wurin masu hoton takardu aka ƙara musu girma, har kowane ɗigo na rubutun kiɗan ya kai girman kan babban yatsa. Mai Alli ya zaro allinsa ya bi fararen maɓallan yana sa musu alama, kamar zai yanka wando.

Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa masu koyon ɗinki tsawa, sai ga shi ya zama ɗalibi mai ladabi. Da safe in ya sha shayi zai jingina wayar a kan fiyano. Murya ta ce a maimaita, ya ce, "To, Malama." Ta ce a sassauta, ya ce, "Na ji, Malama." Hannun dama bai ba shi wuya ba. Na hagu ne ɗan taurin kai, don duk rayuwarsa riƙe yadi kawai ya sani, yanzu an ce ya yi tafiyarsa daban. Wata da watanni ana fama, har ranar da hannuwan biyu suka tafi tare daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Ya fito tsakar gida yana kiran matarsa ta zo ta ji, ta zo da kumfar wanki a hannu, ta ji, ta ce ba laifi. A bakinta kuwa ba laifi babbar lambar yabo ce.

Sai dai akwai wani abu da babu wanda ya sani a gidan, har shi kansa. Littafin bai ce komai a kan feda ba, shi kuma bai ga abin tambaya ba. Tela ne: in ka zauna a gaban abu mai feda, takawa ake yi. Tun ranar farko ƙafarsa ta dama ta hau feda tana sama da ƙasa, sama da ƙasa, kamar yana ɗinkin labule. Fedar fiyano kuwa ba tuƙa shi take yi ba, sakin sauti take yi ya ci gaba da amo. Don haka kiɗansa ya riƙa fita a cakuɗe, wannan sauti ya hau kan wancan, ga wani gif-gif-gif yana binsa daga ƙasa.

Matarsa ta taɓa cewa, "Ni fa kiɗan Malama ban ji yana wannan gif-gif ɗin ba."

Ya ce, "Nata sabo ne, nawa tsoho. Tsohon keke ma ai da ƙararsa."

Labari ya kai layin teloli. A zaman ƙungiyarsu, Dogo, wanda suka koyi ɗinki a shago ɗaya kuma tun lokacin ba su daina ja-in-ja ba, ya dube shi ya ce, "Mai Alli, an ce ka koma makaɗi. Nawa ake ɗaukarka, ko mu ma mu samu ragi?" Aka fashe da dariya. Mai Alli ya ji dariyar nan har cikin ƙashinsa, don irin wadda ake yi wa wanda ya gama ce. Ya miƙe tsaye, duk da tsayuwar ba ta ƙara masa tsawo sosai ba.

"Taronmu na ƙarshen shekara a ɗakin taron nan za a yi, ko ba haka ba? Akwai sabon fiyano a wurin. To ku zo da kunnuwanku."

Shugaban ƙungiya ya ce an ji, an shaida.

Ana saura 'yan makonni taro ya kai darasin ƙarshe. Malama ta ce ya ɗauki kiɗansa a waya ya saurara, ya gwada da nata. Sannan ta ƙara da cewa, kamar abin da kowa ya sani, "Ƙafafuwa dai suna ƙasa a ajiye, ko? Feda sai mun shiga littafi na biyu."

Mai Alli ya maido maganar baya ya sake ji. Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa, ga ta ɗare-ɗare a kan feda. Ya ɗauki kiɗan nasa ya saurara, sai a ranar ya ji abin da maƙwabta suka daɗe suna ji. Kunya ta rufe shi. Ya ce to ai da sauƙi, ya sauke ƙafa ƙasa ya fara. Nan fa asirin ya tonu: ƙafa na tsayawa, hannu ya tsaya. Shekara da shekaru hannunsa bai taɓa motsi a kan aiki ba sai ƙafa ta ba shi izini. In ya tilasta wa hannun ya tafi, kafin ƙarshen layi ƙafar ta lallaɓa ta koma wurinta.

Ya rufe fiyano ya koma kan tabarma. Kwana biyu wayar ba ta yi magana ba. A na uku ya ce wa matarsa, "In yaron nan ya zo, ya je ya gaya wa shugaba ba na jin daɗi."

Ta ajiye tiren da ke hannunta. "Kai ne fa kake sa mutum ya farke riga sukutum don layi ɗaya ya karkace. Na sha jin ka: a farke, a sake. Yau da ya zo kanka sai ciwo?"

"Ƙafar ce ba ta jin magana."

"To a ɗaure ta mana."

Wasa ta yi, amma shi bai ɗauke shi wasa ba. Ya cire tef ɗin wuyansa ya miƙa mata. Ta durƙusa tana dariya har da hawaye, ta ɗaure idon sawunsa da ƙafar kujera. Ya buɗe littafi shafin farko, darasin da ya wuce tun tuni, ya ce, "Malama, a yi haƙuri, mun dawo." Haka ya farke karatunsa kaf ya sake ɗinka shi. Ƙafar tana fizga, tef yana riƙewa, gumi yana karyo masa kamar mai faskare. A hankali hannuwan suka gane za su iya tafiya su kaɗai, kiɗan ya fara fitowa tas, kowane sauti da wurinsa. Kafin ranar taro har yana iya yi ba ɗauri, in dai hankalinsa a kwance yake.

Ranar taro da la'asar ɗakin ya cika da teloli da iyalansu, kowa ya sha ɗinkin da ya fi ji da shi. Bayan jawabai da lemo, shugaba ya kira Mai Alli. Ya hau dandamali ya zauna gaban sabon fiyanon, baƙi wuluk yana sheƙi, babu alamar alli ko ɗaya a jikinsa. Wannan bai dame shi ba, yatsunsa sun san gidajensu. Abin da ya dame shi ƙafa ce. Tsoro ya tashe ta, yana ji tana rawa tana jan jiki zuwa feda. Ya san in ya fara a haka, gif-gif ɗin nan zai dawo a gaban Dogo da kowa. In kuma ya ɗaure ta, a gaban kowa ɗin zai ɗaure.

Ya cire tef daga wuyansa, ya sunkuya ya ƙulle ƙafar da kujera tamau.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Dogo ya ɗaga murya daga layin gaba, "Guduwa take yi ne, Mai Alli?"

Ya ɗago ya dube su. "Ƙafar tela ce. Na gaya mata an yi mana ritaya, ta ƙi yarda."

An sake yin dariya, amma wannan karon gajeriya ce, don akwai furfura da yawa a ɗakin, da tabarau masu kauri.

Ya fara. Kiɗa ne mai sauƙi, na ƙarshen littafin farko, mai tafiya a hankali. Yatsa ya zame masa sau ɗaya, bai tsaya ba. Ya kai tsakiya ke nan sai ya ji shi: gif-gif-gif. Ya saci kallon ƙasa, ƙafarsa tana nan a ɗaure ko motsi ba ta yi. Daga cikin ɗakin sautin yake tasowa. Teloli ne, maza da mata, sun yi tsit suna saurare, ƙafafunsu na dama kuwa suna sama da ƙasa a kan siminti, dunduniya da yatsu, daidai da kiɗan, ba tare da ko ɗayansu ya sani ba. Ta Dogo ta fi ta kowa ƙarfi.

Wani daɗi ya cika ƙirjin Mai Alli, irin wanda rabonsa da shi tun yana kan keke. Ya gyara kafaɗa, ya bar su suna taka masa, shi kuma ya kai kiɗan har bakinsa a tsanake, ya ɗauke hannu.

Tafi ya ɓarke. Matarsa tana goge ido da bakin mayafi tana gaya wa ta kusa da ita cewa ita ta fara ɗaure ƙafar. Ɗansa ya hau dandamali da gudu ya durƙusa zai kwance tef ɗin, sai Dogo ya miƙe ya daka masa tsawa.

"Kai yaro, bar shi! Wa ya ce maka ya gama?"

Mai Alli ya janye hannun ɗansa daga ƙullin, ya maida yatsunsa kan maɓallai.