Wanda Ya Gaishe da Malam Uwais a Gindin Tsamiya

Malam Uwais Salihu malamin firamare ne a Sabuwa, mutum mai sanyin magana, wanda rabin samarin garin suka bi ta ajinsa. Sai da furfura ta fara fito masa sannan ya shiga jami'a, irin karatun da ake yi daga gida, yana koyon ilimin ƙasa. Ana cikin haka aka ce dole kowane ɗalibi ya sauke wata manhajar zana taswira a kwamfutarsa, in ba haka ba babu shi babu jarrabawa. Lokacin kuwa an katse layukan waya a yankin saboda 'yan bindiga.

Wani direba ya gaya masa akwai ƙauye kusa da iyakar Kaduna, mutanensa duk sun watse, amma a kan tudunsa ana kama sabis. Matarsa Hajaratu ta ce, "Malam, da ka haƙura." Bai haƙura ba. Ya goya kwamfutar, ya hau kekensa da hantsi.

Ya tarar da ƙauyen tsit. Ƙofofi a buɗe, dawa ta nuna ba mai girbi, ko kaza babu. Ya zauna gindin wata tsamiya, ya haɗa waya da kwamfuta, manhajar ta fara sauka a hankali. Sai a nan ya lura wurin a share yake tas, kamar da safen nan aka share shi.

"Malam Uwais, barka da hantsi."

Muryar namiji ce, daga bayansa, cike da ladabi. Zai juya, aka ce, "Kada ka waiwayo, Malam." A ƙasa, kusa da inuwarsa, ya ga wata inuwa da dogon abu rataye a kafaɗa.

"Mi ya kawo ka nan?"

"Karatu," in ji Malam Uwais.

"Har yanzu karatu?" Mutumin ya yi 'yar dariya. "To, gama abinka. Amma kada ka sake zuwa. Nan muke zama in za mu kira waya."

Inuwar ba ta gusa ba har manhajar ta gama sauka. Yana rufe kwamfutar, muryar ta ce, "A gaida Inna Hajaratu." Ya tura kekensa har ya sauka daga tudun bai dubi baya ba.

Ya ci jarrabawar, kuma har yau yana koyarwa. Hajaratu dai bai taɓa isar mata da gaisuwar ba. Ya tabbata muryar nan ta taɓa amsa masa tambaya a aji, amma fuskar ta ƙi zo masa. Shi ya sa in saurayi ya durƙusa ya gaishe shi a kasuwa, Malam Uwais kan ɗan yi jim yana saurare kafin ya amsa.